Daga Wauta Zuwa Jiri: Tarihin Kalmar "Dizzy" da Darasinta ga Masu Nazarin Hausa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da aka tambaya fassarar kalmar Ingilishi "dizzy", nan take zai ce "jiri". In ya so ya nuna ya sha ƙamus, sai ya ƙara da "juwa" ko "hajijiya". Daga nan sai a wuce zuwa kalma ta gaba, kowa ya gamsu an sauke nauyi. To, amma fa a cikin aji ne kawai al'amarin yake da sauƙi haka. A ɗakin ganin likita a Anka ko Gummi ko Bukkuyum, inda tsohuwa take bayani da Zamfarci, ma'aikacin lafiya kuma yake rubuta abin da ta ce da Ingilishi a kan kati, irin wannan fassara ta kalma da kalma tana iya zuba cututtuka huɗu ko biyar cikin buhu ɗaya, alhali wani daga cikinsu hutu da ruwan sha ne maganinsa, wani kuwa in an yi jinkirin awa kaɗan sai dai a yi wa dangi ta'aziyya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun kalmar "dizzy" tun daga asalinta, ta gwada ta da takwarorinta na Hausa, sannan ta kafa hujja a kan ra'ayi guda, watau cewa "dizzy" da "jiri" ba tagwaye ba ne. Kowace tana da tarihinta da iyakar gonarta, kuma aikin gano iyakar gonar kalmomin Hausa ya rataya ne a wuyan sassan nazarin Hausa, ba a wuyan likitoci ba.

Asalin kalmar

A tsohon Ingilishi, watau harshen da aka yi magana da shi a Ingila kafin wajen shekarar 1100, ana rubuta kalmar ne "dysig", kuma ma'anarta ita ce wawa, ko dolo, ko maras tunani. Babu ruwanta da juyawar kai. A cikin fassarar Linjila da aka yi a Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 10, da wannan kalma aka siffanta mutumin nan da ya gina gidansa a kan rairayi. Ke nan a wancan zamani in an jefi mutum da ita, zagi ne aka yi masa, ba tausaya masa aka yi ba.

Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci suka kwararo cikin Ingilishi. Daga cikinsu akwai "fool", wadda tushenta na Latin, "follis", yake nufin zugazugi ko jakar fata mai cike da iska. Wannan baƙuwa ita ce ta mamaye fagen wauta, har ta zama kalmar yau da kullum. Ita kuwa 'yar gida sai ta koma gefe, kuma wajen ƙarni na 14 aka fara samunta da sabuwar ma'ana, ta mutumin da yake jin kansa yana juyawa har yana neman faɗuwa. Ba wuya a ga gadar da ta haɗa ma'anonin biyu: wawa da mai jin jiri duk ba su tsaye daidai, duk amsarsu a ruɗe take, duk idonsu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mai kallo daga waje shi ne ya raɗa sunan, kuma abin da ya gani ya faɗa. 'Yan'uwan kalmar a wasu harsuna sun bi wannan hanya. A harshen Holand "duizelig" na nufin mai jin jiri, a tsohon Jamusanci kuwa "tusig" wawa take nufi. Har yau tsohuwar ma'anar ba ta mutu sarai ba, domin a maganar yau da kullum Bature yakan kira mutum mai rawar kai da shiririta da wannan suna.

Abokan tafiyarta

Ingilishi yana da wasu kalmomi biyu da suke kiwo a wannan fage, kuma kowace da inda ta fito. Ta farko ita ce "giddy". Tsohuwar siffarta "gydig" an gina ta ne a kan kalmar da take nufin abin bauta, ma'anarta kuwa wanda wani abin bauta ko iska ya hau kansa, watau mahaukaci. Sai a ƙarni na 16 ta sauko ta zama siffar mai jin jiri. Bahaushen da ya san hawan bori da bugun iska ba ya bukatar dogon sharhi a nan. Kakannin Turawa ma sun taɓa ganin mutum yana layi, suka ce iskoki ne.

Ta biyu ita ce "vertigo", wadda aka aro daga Latin, daga aikatau "vertere", watau juyawa. Ita ce ta zama "vertige" a Faransanci, kalmar da ma'aikatan lafiya a Maraɗi da Damagaram suke rubutawa a katin majinyaci. Larabci ma juyawar ya kalla, domin "duwar" tushensa ɗaya da "da'ira" da Hausa ta ara. Jamusanci kuwa ya bi wata hanya mai ban sha'awa: "Schwindel" na nufin jiri, na kuma nufin damfara, kuma daga nan Ingilishi ya samo sunan ɗan damfara, "swindler", a ƙarni na 18.

In aka tara waɗannan wuri ɗaya, za a ga Ingilishi ya kalli abu guda ta tagogi uku. Ta ɗaya ya ga wauta, ta biyu ya ga iskoki, ta uku ya ga juyawa. Biyun farko hukunci ne na mai kallo. Ta ukun ce kaɗai take faɗin abin da mai ciwon yake ji a jikinsa, kuma ita ce likitoci suka riƙe.

Iyakar amfanin sanin asali

A nan ya kamata a ja kunnen ɗalibi a kan abu biyu. Na farko, asalin kalma ba shi ne ma'anarta ta yau ba. Majinyacin da ya ce wa likita a Landan yana jin "dizzy" ba wauta yake iƙirari ba, kuma wanda ya dage cewa wauta ce ma'anarta ta gaskiya ya manta cewa masu magana ne suke ba kalma ma'ana, ba kabarin kakanni ba. Amfanin tarihi shi ne ya nuna cewa ma'ana tana tafiya, tana faɗaɗa, tana tsukewa, saboda haka ba a auna ta sau ɗaya a rufe littafi.

Na biyu, kama da wane ba ta wane. Mai gaggawa zai iya cewa "giddy" da "gigita" dangi ne, ko "dizzy" da "dishi-dishi", tun da sautinsu ya yi kusa, ma'anarsu ma ba ta yi nisa ba. Wannan haɗuwa ce ta kan hanya kawai. Ingilishi ɗan gidan harsunan Indiya da Turai ne, Hausa kuwa 'yar reshen Cadi ce cikin babban gidan da ya haɗa da Larabci da Ibrananci da harsunan Buzaye. An daɗe ana koya wa ɗalibai cewa "boko" daga kalmar Ingilishi ta littafi ta fito, har Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar Hausa ce ta asali mai nufin algus ko abin da ba na ainihi ba. In har kalma sananniya irin wannan ta iya ruɗin malamai shekara da shekaru, to, ya wajaba a yi hattara da sauran. Ko kusancin da kunne yake ji tsakanin "juwa" da "juya" abu ne da ya cancanci a bi shi da ƙa'idojin ginin kalma da karin sauti kafin a kafa shi a matsayin hukunci.

Yadda Hausa take faɗin abin

Babban bambancin da ke tsakanin harsunan biyu yana cikin ginin jimla. A Ingilishi "dizzy" siffa ce da ake liƙa wa mutum, kamar yadda ake liƙa masa tsawo ko gajarta, kuma wannan gado ne daga zamanin da take nufin wawa. A Hausa kuwa jiri suna ne, namiji, juwa da hajijiya kuma sunaye ne mata, kuma dukansu suna iya zama masu aikata aiki a cikin jimla. Ana cewa "jiri ya ɗebe shi", "juwa ta kwashe ta", "jiri yana ɗibana". Aikatau "ɗiba" da "kwasa" suna nuna an raba mutum da ƙasa, kamar yadda ake ɗibar hatsi daga buhu. Haka Bahaushe yake kallon yawancin cututtuka: zazzaɓi yakan kama, sanyi yakan shiga, ciwon kai yakan sara. Ciwo baƙo ne da ya zo daga waje, mai ciwo kuma ba shi da laifi. Ta wannan fuska Hausa ta fi tsohon Ingilishi adalci ga majinyaci, ko da yake wannan kallon ne kuma yakan sa a yi saurin ɗora abin a kan iska ko sammu, a tafi wurin mai magani kafin a tuna da asibiti.

Bayan waɗannan sunaye uku, akwai tarin kalmomi da suke kewaye da su. Wanda ya miƙe tsaye farat ɗaya yakan ce "idona ya yi duhu", ko "na yi luu zan faɗi". Wanda ƙafafunsa ba su bin umarninsa ana cewa yana layi ko yana tangaɗi. Wanda ganinsa ya raunana yakan ce yana gani dishi-dishi ko bibbiyu. Akwai kasala, akwai suma, akwai ɗimuwa da gigicewa, akwai tashin zuciya da ƙarar kunne da sukan raka wani irin jiri su bar wani. Ita hajijiya har wasa ce ta yara, inda yaro yake ta juyawa a tsaye har ya ga gari yana kewaya shi ya zube. Wannan dukiya ce babba. Abin takaici shi ne, da zarar an zo rubutu a katin asibiti, duka sai su narke su zama kalma ɗaya ta Ingilishi.

Abin da likita yake nema

Daidaituwar mutum a tsaye aikin abu uku ne: ido, da jijiyoyin gaɓoɓi da tafin ƙafa, da kuma can cikin kunne, inda akwai 'yan bututu uku masu siffar rabin zobe, cike da ruwa. In kai ya juya, ruwan yakan motsa, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Yaron da ya gama wasan hajijiya ya tsaya cik, amma ruwan kunnensa bai tsaya ba, shi ya sa ƙwaƙwalwa take ganin har yanzu ana juyawa. Likitan Faransa Prosper Ménière ne ya nuna a 1861 cewa irin wannan juyawa tana iya fitowa daga kunne, a lokacin da aka ɗauka duk daga ƙwaƙwalwa take. Robert Bárány kuma ya sami kyautar Nobel ta 1914 saboda bincikensa a kan wannan sashe na kunne.

A 1972 wasu likitoci biyu a Amurka, Drachman da Hart, suka lura cewa majinyatan da suke cewa "dizzy" abubuwa huɗu dabam-dabam suke nufi. Akwai mai ganin duniya tana juyawa, wanda galibi matsalarsa a kunne take, wani lokaci kuma a ƙwaƙwalwa. Akwai mai jin zai suma, wanda jini ne bai isa ƙwaƙwalwarsa ba, ko don ƙarancin jini, ko rashin ruwa a jiki, ko ciwon zuciya. Akwai wanda kansa lafiya lau amma ƙafafunsa ne ba su riƙe shi. Akwai kuma mai jin kansa fayau ba nauyi, wanda sau da yawa fargaba ce da damuwa. Mai karatu zai ga cewa Hausa tana da abin faɗa ga kowane ɗaya: gari yana juyawa, ido ya yi duhu, ana layi, kai ya yi fayau. Watau abin da Ingilishin titi ya cakuɗa, bakin Bahaushe yana da kayan rarrabe shi, in an ba shi dama ya ƙarasa maganarsa.

Muhimmancin rarrabewar a fili yake. Jirin da yake zuwa na 'yan daƙiƙoƙi duk lokacin da aka juya a kan shimfiɗa yawanci wasu 'yan ƙwayoyi ne suka kauce daga mazauninsu a cikin kunne, kuma ana gyara shi da juya kan majinyaci ta wata tsararriyar hanya, ba allura ba ƙwaya. Jirin da ya zo tare da gani bibbiyu da nauyin harshe da mutuwar hannu kuwa yana iya zama farkon shanyewar ɓarin jiki. Mai juna biyu da ta ce tana jin jiri da ciwon kai, tana gani dishi-dishi, fuskarta ta kumbura, tana bakin haɗarin jijjiga. Har magani ma yakan jawo shi, domin kwinin yana sa jiri da ƙarar kunne.

Yammacin Zamfara

Dalilin da ya sa aka zaɓi Anka da Gummi da Bukkuyum shi ne, a nan ne maganar ta fi nauyi ta fuska biyu. Ta fuskar harshe, wannan yanki ne na karin yamma, inda ake cewa "hwaɗi" da "tahi" a madadin "faɗi" da "tafi", ake kuma sa "ka" inda daidaitacciyar Hausa take sa "ke". Yankin yana iyaka da jihohin Sakkwato da Kebbi, yana maƙwabtaka da ƙasar Zuru, ga kuma Fulani makiyaya, saboda haka ba kowane mai zuwa asibiti ne Hausa take harshensa na farko ba. Ma'aikacin da ya yi karatu da Ingilishi, ya kuma taso da karin Kano ko Zariya, yana da katanga biyu tsakaninsa da tsohuwar da ta ce masa "juwa ka ɗibata".

Ta fuskar lafiya kuwa, yankin ya ga abin da duniya ba ta manta ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar da mace-macen yara da suka wuce kima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. An yi wa yaran maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, ba su warke ba. Daga baya gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun zinariyar da ake haƙowa suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma kawo su cikin gidaje ana daka su a turmi, ana niƙa su a injin niƙa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, duk abin ya shafe su. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 ne suka rasu gaba ɗaya, kuma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega.

Ba ana cewa jiri ne babbar alamar wannan guba ba. Alamunta ga yara su ne amai da ciwon ciki da kasala da jijjiga, kuma ɗan shekara biyu ba shi da bakin da zai ce yana jin juwa. Darasin da ke ciki shi ne, kafin a kawo na'urar gwajin jini, abin da ma'aikaci yake da shi a hannu maganar uwa ce kawai, kuma sabuwar cuta takan shigo ne sanye da rigar tsofaffin kalmomi. Ga manya kuwa alaƙar ta fi kusa. Dalma tana hana jiki ƙera jini yadda ya kamata, tana kuma tayar da hawan jini da lalata ƙoda, kuma duk waɗannan suna iya bayyana da jiri. Mahaƙin da yake cikin rami mai zurfi inda iska ba ta isa, ko kusa da hayaƙin janareto, jiri ne gargaɗinsa na farko, wani lokaci kuma na ƙarshe. Mai ƙona zaiba don ware zinariya yana shaƙar tururin da yake kawo rawar hannu da tangaɗi. In aka haɗa da zafin bazara, da gudawar da takan biyo bayan ambaliya irin wadda ta auka wa Gummi a watan Agusta na 2024, da yunwa da fargabar waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, za a ga cewa mutum goma da suka ce "jiri" a layin asibiti ɗaya suna iya kasancewa da ciwo goma.

Hanzarin masu suka

Wani zai ce likita yana da kayan aiki, don haka kalma ba ta da wani tasiri. Amsa ita ce, a matsalar jiri labarin da majinyaci ya bayar shi ne yake nuna wa likita gwajin da zai yi tun farko, kuma a ƙaramar cibiyar lafiya ta ƙauye sau da yawa labarin nan da ma'aunin hawan jini su ne duk abin da ake da shi.

Wani kuma, wanda ya fi zurfin karatu, zai kawo binciken da David Newman-Toker da abokan aikinsa na Jami'ar Johns Hopkins suka buga a 2007. Sun tambayi majinyata irin jirin da suke ji, suka sake tambayarsu bayan kimanin minti shida, sai kusan rabinsu suka canza amsa. Amma da aka tambaye su yaushe yake zuwa, me yake tayar da shi, da tsawon lokacin da yake ɗauka, sai amsoshin suka fi tsayawa. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma dole a karɓe ta. Sai dai in an duba da kyau, ƙara wa masu nazarin Hausa aiki ta yi. Ta nuna cewa jerin sunaye bai isa ba, ana bukatar tambayoyi da aka tsara da Hausar da majinyaci yake ji. "Inna, in kin miƙe tsaye yake zuwa, ko kina kwance?" "Baba, yakan wuce kafin a gama alwala, ko yakan wuni?" "Ɗakin ne yake juyawa, ko idon ne yake rufewa?" Tsara irin waɗannan tambayoyi, da auna lokaci da abin da mutumin ƙauye ya saba da shi, aikin masanin harshe ne.

Na uku zai ce a kafa kwamiti ya zaɓi kalma ɗaya ga kowane nau'i, a sa a daidaitacciyar Hausa, a huta. Wannan yana da amfani ga littafin koyarwa, amma majinyaci ba ya halartar taron kwamiti. In aka yanke cewa "hajijiya" ce juyawa, "jiri" kuma shi ne neman suma, alhali matan Bukkuyum ba haka suke rarrabe su ba, an ƙara ruɗani ne da hatimin jami'a. Sai an fara jin yadda ake faɗa kafin a zartar da yadda za a rubuta.

Abin da ya kamata a yi

An san tarihin "dizzy" ne saboda wani aiki na haƙuri. Babban ƙamusun Ingilishi na Oxford, wanda kashinsa na farko ya fito a 1884 aka kuma kammala shi a 1928, an gina shi ne da miliyoyin 'yan takardu da masu sa kai suka aiko, kowace ɗauke da kalma, da jimlar da ta fito a ciki, da littafin, da shekarar. Hausa tana da nata ginshiƙan: ƙamusun Bargery na 1934, wanda yake nuna karin da kalma ta fito, da na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da na Newman na 2007. Sai dai ƙamus na gaba ɗaya ba a yi shi don ya zauna kusa da gadon majinyaci ba.

Saboda haka shawara ita ce, ɗaliban Hausa 'yan asalin wannan yanki da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Gusau su ɗauki wannan a matsayin batun kundin kammala digiri. Ba sai an jefa kowa cikin haɗarin hanya ba. Ɗalibi yana iya farawa da kakarsa lokacin hutu, ko da mutanen yankin da suke zaune a Gusau da Sakkwato, ko ta wayar hannu. Kada a tambayi mutum ma'anar kalma, domin zai ba da amsar da yake zaton ana so. A roƙe shi ya ba da labarin ranar da abin ya same shi, a ɗauki maganar da izninsa, a rubuta jimlar cikakkiya da karin da aka faɗe ta, tare da gari da shekara da sana'ar mai magana, ba tare da sunansa ba. A nemi mata musamman, da ungozoma, da wanzamai, da mahaƙa, domin kowane rukuni yana da bakinsa. Bayan nan a zauna da malaman kiwon lafiya a jera abin da aka samu kusa da abin da likita yake nema. Abin da zai fito ba zai wuce 'yan shafuka ba, amma shafuka ne da za a iya liƙawa a bangon kowace cibiyar lafiya daga Anka zuwa Gummi.

Kammalawa

Kalmar "dizzy" ta yi tafiyar ɗaruruwan shekaru kafin ta tashi daga zagi ta koma ƙorafin majinyaci, kuma da ta iso sai ta zama buhu mai ɗaukar komai, har likitocin da suka gaje ta suna ta faman zazzage shi. Hausa ba ta da dalilin aron wannan matsala. Tana da jiri da juwa da hajijiya, tana da layi da tangaɗi da duhun ido, tana da aikatau da suke nuna yadda abin yake zuwa da yadda yake tafiya. Abin da ya rage shi ne a je a ji su daga bakin masu su, a rubuta su da gari da shekara. Harshen na masu nazarinsa ne, majinyatan kuma iyayensu ne da ƙannensu, saboda haka babu wanda za a jira ya zo ya yi wannan aiki.